Harry Ferguson: Ɗan Manomin Da Ya Haɗa Tarakta Da Kayan Aikinta

Duk wanda ya taɓa ratsewa daga titin Kachia, bayan Sabon Tasha zuwa wajen Maraban Rido da Kujama, ya shiga hanyoyin burji masu kaiwa gonaki a watan Agusta, ya san yadda ruwa ke mayar da hanya. Tsakiya ta zama kwari, gefe ya zaizaye, motar ɗaukar taki ta kafe. Hayar babbar gireda akwai tsada, shi ya sa manoma da ƙungiyoyin unguwa kan ɗaura wa tarakta wuƙar sharar hanya su gyara da kansu. Idan ka duba bayan taraktar za ka ga hannuwa uku na ƙarfe, biyu a ƙasa ɗaya a sama, waɗanda ake maƙala wuƙar a jikinsu. Mutumin da ya ƙirƙiro wannan tsari shi ne Harry Ferguson, wanda rabin sunansa ke rubuce a jikin jan taraktocin Massey Ferguson da muka saba gani.

Yaron da ya gudu daga gona

An haife shi ranar 4 ga Nuwamba 1884 a ƙauyen Growell, kusa da garin Dromore a arewacin Ailan. Mahaifinsa manomi ne mai 'ya'ya goma sha ɗaya, kuma da dawaki ake huɗa a gidan. Harry bai da girman jiki, bin garma daga safe har yamma ya gallabe shi. A 1902 ya bar gona ya koma Belfast, garejin wansa Joe, inda ake gyaran kekuna da motoci. Can hannunsa ya faɗa kan inji. Har jirgin sama ya ƙera da kansa, ya tashi da shi ranar 31 ga Disamba 1909, ya zama mutum na farko da ya tashi da jirgi a Ailan. A 1911 ya buɗe nasa kamfanin a Belfast, daga baya ya shiga sayar da taraktocin Amurka masu suna Overtime.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya mayar da shi gona. A 1917 abinci ya yi ƙaranci, hukumar aikin gona ta Ailan ta ɗora masa aikin zagaya gonaki yana duba yadda ake huɗa da tarakta. Shi da injiniyansa Willie Sands suka ga abin da ya dame su. A lokacin tarakta jan garma kawai take yi, kamar yadda shanu ke ja. Don tayoyi su kama ƙasa sai a zuba mata nauyin ƙarfe, ta riƙa shan mai tana danne ƙasar gona. Mafi muni, idan garma ta maƙale a dutse ko saiwa, gaban taraktar kan ɗaga sama ta kife ta baya kan direba. Mutane da yawa sun mutu ta wannan hanya.

Hannuwa uku

Ferguson ya yanke cewa tarakta da abin da take aiki da shi dole su zama jiki ɗaya. Ya shafe shekaru yana gwaji har ya kai ga tsarin hannuwa uku da haidurolik. Ga yadda abin yake: idan garma ta shiga ƙasa, hannuwan ƙasa biyu su ne ke ja, na sama kuma yana tura taraktar. Wannan turi yana riƙe gabanta a ƙasa, nauyin garma da na ƙasar da take yanka kuma ya koma kan tayoyin baya. Ta haka ƙaramar tarakta mara nauyi take yin aikin babba. Ya kuma sa haidurolik ɗin ya riƙa jin tsananin ja, ya ɗaga garma kaɗan idan ƙasa ta yi tauri, ya sauke ta idan ta yi laushi.

A 1933 ya ƙera taraktar gwaji da ake kira Baƙar Tarakta. A 1936 kamfanin David Brown na Huddersfield a Ingila ya fara ƙera ta don sayarwa, amma ciniki bai yi yawa ba, suka saɓa. A 1938 Ferguson ya tsallaka Amurka ya nuna wa Henry Ford aikinsa a Dearborn. Suka ƙulla yarjejeniya da musabaha kawai, babu takarda: Ford ya ƙera, Ferguson ya sayar. Taraktar Ford 9N ta fito a 1939, kuma zuwa 1947 an ƙera kimanin 300,000 ƙarƙashin wannan alkawari.

Da jikan Ford, wato Henry Ford II, ya karɓi kamfani, sai ya warware alkawarin, ya ci gaba da amfani da tsarin a sabuwar taraktarsa. Ferguson ya kai ƙara a 1948 yana neman dala miliyan 251. Shari'ar ta ja har 1952, aka sasanta a kan dala miliyan 9.25. Ana cikin haka tuni ya fara ƙera tasa taraktar, TE20 mai ruwan toka, a Coventry tun 1946. Cikin shekara goma an yi fiye da 500,000, kuma irinta ce Edmund Hillary ya kai har tsakiyar ƙanƙarar kudancin duniya a Janairun 1958. A 1953 ya haɗe da kamfanin Massey-Harris na Kanada, amma da yake mutum ne mai tsayawa kan ra'ayinsa, a 1954 ya sayar da rabonsa ya fita. Sauran shekarunsa ya yi su kan binciken motoci masu ja da tayoyi huɗu. Ya mutu a gidansa da ke Stow-on-the-Wold, Ingila, ranar 25 ga Oktoba 1960, yana da shekara 75.

Abin da ya shafi mai gyaran hanya

Ferguson bai ɗauki taraktarsa a matsayin abu mai zaman kansa ba. Garma, haro, tirela, har da wuƙar gyaran ƙasa, duk an auna su da taraktar da za ta ɗauke su. Wannan shi ne abin da mai sayen wuƙar sharar hanya ya kamata ya riƙe, domin da yawa daga cikinmu nauyin ƙarfe kawai muke dubawa.

Na farko, ka san ajin hannuwan taraktarka. Aji na 1 na ƙananan taraktoci ne, har zuwa kimanin ƙarfin doki 45, fil ɗin hannun ƙasa kaurinsa milimita 22. Aji na 2 na masu ƙarfin doki 40 zuwa 100 ne, fil ɗinsa milimita 28. MF 375, mai ƙarfin doki 75, a nan take. Ka ɗaura mata wuƙar aji na 1, marmara ta farko da ta ci karo da ita za ta lanƙwasa ta. Ka ɗora wa ƙaramar tarakta wuƙar da ta fi ƙarfinta, gaba ya yi sakayau, sitiyari ya daina jin magana, abin da Ferguson ya yi rayuwarsa yana yaƙi da shi ke nan.

Na biyu, faɗi. Wuƙar ta rufe sawun tayoyin baya ko da an karkata ta. Ka auna daga wajen taya zuwa wajen taya kafin ka je kasuwa ko wurin mai walda.

Na uku, ka zaɓi irin da aikinka ke nema. Miƙaƙƙiyar wuƙa mai juyawa da karkata ita ce ke jawo burji daga gefe zuwa tsakiya, ta kuma share lambatu. Mai siffar akwati da haƙora ita ce ke fasa ƙasa mai tauri, ta kwashi tsakuwa daga tudu ta zuba a rami. Mai wuƙaƙe biyu a kan doguwar ƙafa ta fi dacewa da goge gargada, amma ba ta haƙa lambatu. Hanyar da ruwa ya riga ya ci tsakiyarta, ta farko take buƙata, don a yi mata doro. Doron kirki kimanin santimita 4 ne a kowace mita ɗaya, daga tsakiya zuwa gefe. In babu shi ruwa zai kwanta, ramukan su dawo kafin kaka.

Na huɗu, bakin wuƙar ya zama mai ɗaurin noti, wanda za a iya kwancewa a juya ko a canja. Jan burjin wajenmu yana cin ƙarfe, wanda aka yi wa walda a jiki kuwa sai an yanke.

Akwai kuma wurin da dabarar Ferguson ta farko ba ta dace da aikin hanya ba. Tsarinsa mai jin tsananin ja an yi shi don huɗa ne. A kan hanya zai ɗaga wuƙa daidai inda tudu ya yi tauri, wato inda ake so ta yanka, sai hanya ta fito da hawa da sauka. Taraktocin da suka biyo bayan TE20 suna da liba ta biyu mai tsayar da wuƙa a tsayin da ka ajiye ta. Da ita ake sharar hanya, a giyar ƙasa, ba gudu.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Burji ya fi yankuwa da dannuwa idan yana da danshi, kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa. A Kaduna farkon damina, wajen Mayu, da ƙarshenta a Oktoba kafin a fara kwaso masara da waken suya, su ne suka fi. A tsakiyar hunturu ƙura kawai za ka tayar, bakin wuƙa ya cinye a banza.

Hannuwa ukun da Ferguson ya ƙirƙiro yanzu suna bayan kusan kowace tarakta a duniya, ko wane kamfani ya ƙera ta. Kafin ƙungiyarku ta haɗa kuɗin wuƙa bana, a aiki mutum ɗaya ya auna fil, ya auna faɗin taya, ya rubuta ƙarfin injin a takarda, sannan a tafi ciniki.