Barthelemy Thimonnier, telan da ya ƙera keken ɗinki ya mutu da talauci

Yau mun ɗauko tarihin wani tela Bafaranshe wanda masu aikin ado a wuyan riga ke cin gajiyarsa har yanzu.

An haifi Barthelemy Thimonnier a shekarar 1793 kusa da birnin Liyon. Ya koyi ɗinkin hannu, matarsa kuma mai surfani ce. Masu surfani na yankin suna aiki da allura mai ƙugiya, su jawo zare ta cikin yadi, su sarƙe shi kamar sarƙa. Wannan dabara ce ya mayar ta keke. Ya sassaƙa shi da itace, a 1830 ya samu takardar mallakar ƙirarsa. Keken na yin ɗinki kimanin 200 a minti ɗaya.

Aka buɗe masa ma'aikata a Paris da kekuna 80 don ɗinka kayan soja. To, sai teloli suka ga abincinsu zai ƙare. A 1831 suka afka wa wurin, suka farfasa kekunan. Thimonnier ya koma garin Amplepuis, ya ci gaba da sana'arsa yana gyara ƙirar. Ya gwada sa'arsa a Ingila, abin bai yi ba. Ya rasu a 1857 ba shi da komai.

Me ya sa kekensa bai kama kasuwa ba? Zare ɗaya yake ɗinki da shi. In bakin zaren ya kwance aka ja, sai ɗinkin ya warware gaba ɗaya, kamar yadda muke kwance bakin buhun shinkafa. Faci ko ɗinkin wando ba su jure haka. Shi ya sa kekunan Amurka na Howe da Singer, masu zaren sama da na kwarkwaro da ke kulle juna, suka ci kasuwa.

Amma wajen ado ɗinkin sarƙa ya fi dacewa, don yana kwanciya bisa yadi, yana bin lanƙwasar zane. Kekunan Cornely da aka ƙera daga baya a Paris da shi suke aiki, kuma da irinsu telolinmu na Damagaram da Maraɗi ke ƙawata manyan riguna.

Saboda haka muna jan hankalin 'yan koyo: ɗinkin sarƙa na ado ne, in faci za a yi a nemi keke mai zare biyu.