Tarihin Gianni Agnelli, mai kamfanin Fiat da ya bar sawu a Bakolori

An haifi Giovanni Agnelli, wanda aka fi sani da Gianni, ranar 12 ga watan Maris na 1921 a birnin Turin na ƙasar Italiya.

Kakansa na cikin waɗanda suka kafa kamfanin ƙera motoci na Fiat a 1899, kuma mahaifinsa ya rasu a hatsarin jirgin sama a 1935.

Ya karanta aikin lauya, ya yi soja a Yaƙin Duniya na Biyu, sannan ya karɓi ragamar Fiat a 1966.

A zamaninsa harkokin Fiat sun wuce ƙera motoci, har suka iso arewacin Najeriya.

Impresit, reshen Fiat mai aikin gine-gine, shi ne ya gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Kogin Sakkwato, aka kammala ta a 1978 domin noman rani a yankunan Talata Mafara da Bakura da Maradun, waɗanda yanzu ke jihar Zamfara.

Haka kuma da haɗin gwiwar Fiat ne gwamnatin Najeriya ta kafa kamfanin NTM a Kano, mai harhaɗa manyan motoci da taraktocin noma.

Shekarar 1980 ita ce mafi tsanani a shugabancinsa.

A Bakolori, manoman da ruwa ya cinye gonakinsu, da waɗanda aka hana noma ana gyaran filaye, sun datse hanyoyin aiki suna neman diyya.

A watan Afrilu 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Hukumomi sun ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba, amma mutanen yankin sun ce ɗaruruwa ne.

A Turin kuwa, Fiat ya ba da sanarwar dakatar da ma'aikata kimanin 23,000 saboda faɗuwar ciniki, ƙungiyoyin ƙwadago suka toshe ƙofofin masana'antu na kwanaki 35.

Yajin aikin ya karye ranar 14 ga watan Oktoba, bayan da dubban shugabannin sassa da ma'aikatan ofis suka yi maci suna neman a koma aiki.

Daga nan Agnelli ya samu yadda yake so. An rufe tsohuwar masana'antar Lingotto a 1982, sannan a 1985 aka fara ƙera sabon inji mai suna FIRE a garin Termoli, inda na'urori masu sarrafa kansu suka maye gurbin hannaye da dama.

Kamfanin Kano bai samu irin wannan farfaɗowa ba. Da yake daga waje ake shigo da injina da sauran kayan haɗi, faɗuwar farashin man fetur da ƙarancin kuɗaɗen waje sun durƙusar da shi a shekarun 1980, ma'aikata suka watse.

An naɗa Agnelli sanata na har abada a 1991, ya sauka daga shugabancin Fiat a 1996.

Ya rasu ranar 24 ga watan Janairun 2003, watanni kaɗan bayan Fiat ya bayyana shirin sake dakatar da ma'aikata fiye da 8,000.

A 2021 kamfanin ya haɗe da mai ƙera Peugeot, suka zama Stellantis.