John Bell: Ɗan Talakan Da Ya Auna Maganar Einstein

Duk lokacin da na ga yaro mai hazaƙa a garinmu Tsanyawa ya ajiye littafi ya ɗauki fartanya saboda rashi, sai John Stewart Bell ya faɗo mini a rai. An haife shi a birnin Belfast a 1928, a gidan masu ƙaramin ƙarfi. A 1944 ya shiga Jami'ar Queen's, ba a matsayin ɗalibi ba, sai dai ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje. Malamai suka lura da ƙwazonsa, suka riƙa ba shi aron littattafai, har ya sami digiri a 1948. A 1960 ya koma cibiyar bincike ta CERN da ke Janiba.

Tun a 1935 Einstein da abokan aikinsa biyu suka ce kimiyyar kwantum ba ta kammala ba. Ƙwayoyin halitta biyu masu asali ɗaya, ko an raba su da nisa, auna ɗaya kan bayyana halin ɗayar. A ganinsu, tamkar takalmi ne: ka aika ƙafa ɗaya Kano, ɗaya Katsina, wanda ya ga ta dama ya san ta hagu na can, domin tun daga gida aka raba su.

A 1964 Bell ya mayar da wannan muhawara lissafi. Ya nuna cewa muddin abin da ya faru a nan ba ya taɓa na nesa nan take, kuma mai bincike na da 'yancin zaɓar abin da zai auna, to dacewar sakamakon tana da iyaka. Kwantum kuwa ta ce za a zarce iyakar. Gwajin Clauser a 1972 da na Aspect a 1982 suka goyi bayan kwantum. Ke nan, mai riƙe da misalin takalmi dole ya saki ɗaya daga sharuɗɗan biyu.

Bell ya rasu a 1990 yana da shekara 62. A 2022 aka ba Clauser da Aspect da Zeilinger kyautar Nobel kan gwaje-gwajen da lissafinsa ya haifar.

Mai karatu, da malaman nan sun yi ko-oho da shi, da duniya ta yi asara. Mu 'yan boko, yara nawa irinsa muke wucewa a gonakin Tsanyawa ba mu ko waiwaya ba?