Musa Ɗanƙwairo Maradun: Makaɗin da ya saƙa muryoyi kamar zare

Tun kafin ɗakunan ɗaukar sauti su zo ƙasar Hausa da na'urorin da ke ɗora murya a kan murya, akwai makaɗan da suka iya wannan aiki da kunnensu kawai. Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun yana sahun gabansu.

An haife shi a farkon ƙarni na 20 a Ɗankadu ta ƙasar Bakura, cikin Jihar Zamfara ta yau. Kiɗa gado ne a gidansu. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗin noma ne wanda kuma ya yi wa Sarkin Kayan Maradun kiɗan fada. Cikin yaran mahaifin nasa akwai wani mai zaƙin murya da ake kira Ƙwairo, kuma da aka ji muryar Musa ta ɗauko irin tasa sai aka laƙaba masa Ɗanƙwairo, sunan da ya danne na yanka.

Gona ce makarantarsa ta farko. A wurin gayya dole muryar makaɗi ta kai ga manomin da ke ƙarshen kunya, dole kuma kiɗa ya tafi daidai da saukar garma. A nan ya koyi ƙarfin murya da kiyaye ƙa'idar kiɗa, abubuwan da ya shiga da su fada. Bayan mahaifinsu, jagoranci ya koma hannun yayansa Abdu Kurna, shi kuwa ya zama Daudun kiɗi, wato mataimaki, kafin ya tsaya da ƙafafunsa.

Yankin nasu ba ya ƙarancin gwanaye. Daga Faru ta ƙasar Maradun aka samu Sa'idu Faru, makaɗin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, wanda ya riƙe Talata Mafara kafin ya zama Sarkin Musulmi. Mai son ya yi fice a tsakanin irin waɗannan sai ya zo da abin da ya bambanta shi.

Abin da ya bambanta Ɗanƙwairo shi ne tsarin amshi. Kayan kiɗansa kotso ne, ganga mai fuska ɗaya da ake kaɗawa da hannu, ana matsa tsarkiyarta domin sauti ya hau ko ya sauka. A kan wannan shimfiɗa yake jera muryoyi. Yakan ɗauko ɗan waƙa ya sake shi a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, wasu su yi ƙari a kan na farko, sannan kowa ya haɗu a gindin waƙa ba tare da an ji gurbi ba. Mai sauraro yakan kasa gane inda jagora ya tsaya da inda yaransa suka karɓa. Irin wannan haɗuwa ba ta samuwa sai da doguwar bita da sanin numfashin juna.

A zamanin Jamhuriya ta Farko ya zama makaɗin Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa. Lokacin ya zo daidai da buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, saboda haka waƙar da a da sai mai shiga fada ke jin ta, ta isa rumfar ɗan kasuwa da ofishin ma'aikaci. Bayan kisan Sardauna ranar 15 ga Janairu, 1966, ya ci gaba da zagaya fadoji, ya waƙe sarakuna irin su Sarkin Daura Muhammadu Bashar da Sarkin Kano Ado Bayero da 'Yandoton Tsafe. Zuwan kaset ya ƙara yaɗa muryarsa har ƙetaren iyaka, cikin Jamhuriyar Nijar.

Allah ya yi masa rasuwa a 1991, 'ya'yansa suka ci gaba da riƙon kotso. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero sun nazarci waƙoƙinsa, amma takarda kalmomi kawai take iya adanawa. Saƙar muryoyin tana cikin tsofaffin faya-fayai da kaset, waɗanda zafi da ƙura ke cinyewa a hankali, kuma da yawa daga abin da ke yawo a wayoyi kwafi ne na kwafi, ya dushe. Injiniyoyin sauti na yau suna da na'urorin da za su tace waɗannan faya-fayai su adana su. Aikin yana jiran gidajen rediyo da jami'o'i da masu hannu da shuni, kafin zaren kaset na ƙarshe ya tsinke.