Taƙaitaccen Tarihin P. L. Travers, Marubuciyar da ta Ƙirƙiro Mary Poppins

Gabatarwa

Ina ƙaramar yarinya na fara kallon fim ɗin Mary Poppins a gidan maƙwabtanmu. Abin da ya zauna mini a rai shi ne wata mai reno da iskar gabas ta sauko da ita daga sama riƙe da laima, ta shiga gidan iyalan Banks da ke Landan, ta ladabtar da yara masu ƙiriniya cikin waƙa da murmushi. Sai da na shigo jami'a muka fara nazarin yadda ake mayar da littafi fim, sannan na san cewa matar da ta ƙirƙiro wannan mai reno ta mutu ba ta gamsu da fim ɗin ba. Wannan ne ya sa na ga ya dace in kawo wa 'yan uwana ɗalibai tarihinta.

Haihuwarta da Tasowarta

An haifi Helen Lyndon Goff ranar 9 ga Agusta, 1899, a garin Maryborough da ke jihar Queensland ta ƙasar Ostareliya. Mahaifinta, Travers Goff, manajan banki ne wanda shaye-shaye ya jawo aka rage masa muƙami. Ya rasu a 1907, lokacin tana da shekara bakwai. Daga nan mahaifiyarta ta kwashe su, ita da ƙannenta mata biyu, suka koma garin Bowral, inda gwaggon mahaifiyar, Helen Morehead, ta ɗauki nauyinsu. Tsohuwa ce mai tsare gida da kaifin harshe, amma ba ta bar su cikin wahala ba. Masu nazarin rayuwar marubuciyar da dama suna ganin daga wannan tsohuwa aka samo halin Mary Poppins.

Da ta girma ta shiga wasan kwaikwayo na dandamali, ta laƙaba wa kanta Pamela Lyndon Travers, wato ta mayar da sunan mahaifinta nata. A 1924 ta ƙaura zuwa Ingila tana rubuta waƙoƙi da maƙaloli a jaridu. A ƙasar Ailan ta haɗu da mawaƙi George Russell, wanda ya buga waƙoƙinta a mujallarsa, ya kuma kwaɗaita mata nazarin tatsuniyoyi da almarar al'ummomin duniya. Wannan nazari ta riƙe har ƙarshen rayuwarta.

Littattafanta

Littafin farko na Mary Poppins ya fito a 1934, da zane-zanen Mary Shepard. Gaba ɗaya littattafan sun kai takwas, na ƙarshe ya fito a 1988. Wanda ya san fim kawai zai yi mamaki idan ya buɗe littafin, domin mai renon da ke ciki ba ta da fara'a. Mace ce mai faɗa da ji da kai, mai yawan duba kanta a gilashin kantuna. Takan kai yaran wuraren ban al'ajabi, idan suka dawo gida suka tayar da maganar sai ta nuna kamar ba a yi ba. A fahimtata, yarinyar da ta rasa uba tana ƙarama ta san cewa mai ceton gida ba lalle ba ne ya zo da dariya, kuma ranar tafiyarsa tana nan tafe.

Ba zan ɓoye aibin aikin nata ba. A littafin farko akwai babin da ya siffanta baƙar fata da wasu al'ummomi cikin raini. Bayan suka ya yi yawa, a 1981 ta sake rubuta babin, ta sanya dabbobi a madadin mutanen. A rayuwarta ta gida ma akwai abin da ake zarginta da shi. Ba ta taɓa aure ba, amma ta ɗauko jariri daga Ailan ta rena, ɗaya daga cikin tagwaye, ta bar ɗan uwansa, kuma yaron bai san gaskiya ba sai da ya kai shekara 17.

Takaddamarta da Walt Disney

'Ya'yan Walt Disney mata ne suka ƙaunaci littafin, shi ya sa ya shafe kimanin shekara 20 yana neman izinin mayar da shi fim, ita kuwa tana ƙi. Da cinikin littattafanta ya ja baya sai ta sassauta. A 1961 ta je birnin Los Angeles ta zauna da ma'aikatansa, ta sa aka naɗi muryoyin zaman a kaset, tana bin rubutun fim ɗin layi-layi tana gyara. An biya ta dala 100,000 tare da kashi biyar cikin ɗari na abin da fim ɗin zai kawo.

Fim ɗin ya fito a watan Agustan 1964, Julie Andrews ce ta fito a matsayin Mary Poppins. Ya samu lambobin yabo na Oscar guda biyar. Sai dai an yi sauye-sauye masu yawa. An mayar da labarin baya zuwa 1910, an rage yaran daga huɗu zuwa biyu, an cika shi da waƙoƙi, an kuma haɗa mutane da zanen katun, abin da ta fi tsana. Da farko ba a ma gayyace ta bikin fara nuna fim ɗin ba, sai da ta nema da kanta, kuma an ruwaito cewa ta zubar da hawaye a zauren. Ta samu dukiya mai yawa, amma Disney bai yi ci gaban fim ɗin ba har ta rasu.

Rasuwarta

A 1977 Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar girma ta OBE. Ta rasu a Landan ranar 23 ga Afrilu, 1996, tana da shekara 96. A 2013 kamfanin Disney ya fitar da fim mai suna Saving Mr. Banks game da wannan takaddama, inda Emma Thompson ta fito a matsayinta. Ka ga ke nan hatta labarin rigimar, ɓangaren da ta yi rigimar da shi ne ya bayar.

Kammalawa

Mu ɗaliban harshe gobe wasunmu za su yi fassara, wasu za su mayar da littattafan Hausa fim ko wasan rediyo. Tarihin Travers ya nuna mini cewa aiki yana iya samun karɓuwa a duniya alhali an cire masa abin da mai shi ya fi ɗauka da muhimmanci. Ban daina son fim ɗin ba, kuma na yarda da ba don shi ba da ban taɓa jin sunanta ba. Shawarata ita ce duk wanda zai juya aikin wani, ya fara tambayar kansa abin da ya sa mai shi ya rubuta shi haka, kafin ya ɗauki alƙalamin gyara.