Henri Mignet: Bafaranshen da ya cire feda daga jirgin sama

Duk wanda ya taɓa leƙa cikin ƙaramin jirgin sama zai ga feda guda biyu a gaban ƙafafun matuƙi. Da su ake karkatar da wutsiyar jirgi dama ko hagu, kuma a yawancin ƙananan jirage na yanzu a samansu birki yake, kowace ƙafa da tayarta.

Idan birkin ɓangare ɗaya ya fi na ɗayan kamawa, ko kuma ba a daidaita tsawon fedar ba, jirgi kan fizge gefe guda da zarar ya taɓa ƙasa. 

Henri Mignet, wanda ake yi wa kallon ɗaya daga cikin iyayen sana'ar harhaɗa jirgi a gida, ya bi wata hanya da ba wanda ya zata: ya ƙera jirgin da ba shi da feda kwata-kwata.

An haife shi ranar 19 ga watan Oktoban 1893 a yankin Charente-Maritime da ke yammacin Faransa. Ilimin lantarki ya karanta a birnin Bordeaux, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya aikin rediyo ya yi wa rundunar sojin ƙasarsa.

Sai dai tun yana matashi hankalinsa na kan tashi sama. Bayan yaƙin ya yi ta ƙera jirage iri-iri, yana sa musu haruffan farko na sunansa, wato HM, tare da lamba. Akasarinsu ba su yi wani abin kirki ba, har sai da ya kai kan HM.8 a ƙarshen shekarun 1920, wanda ya rubuta littafi kan yadda ake harhaɗa shi.

Ƙafa da hannu

A nan ne ya gano wani abu game da kansa, kuma bai ɓoye ba: shi ba gwanin tuƙi ba ne.

Jirgin da aka saba da shi yana buƙatar hannu da ƙafa su yi aiki tare. Hannu na riƙe da sandar tuƙi, wadda ke ɗaga hancin jirgi ko sunkuyar da shi, tana kuma kishingiɗar da fuka-fuki. Ƙafafu kuma na kan feda. Idan ɗaya ya riga ɗaya a lokacin da gudu ya ragu, jirgi na iya rasa iskar da ke ɗauke da shi, ya riƙa wulwulawa har ƙasa.

Mignet ya sha faɗuwa da jiragensa. Maimakon ya ɗora wa kansa laifi, sai ya ɗora wa jirgin. A ganinsa, na'urar da sai ƙwararre ne kaɗai zai iya sarrafa ta ba ta talaka ba ce.

Don haka ya kafa tanti a wani daji kusa da garin Soissons, ya shafe watanni yana gwaji. Ranar 10 ga watan Satumban 1933 ya tashi da HM.14.

Jirgin dai na da fuka-fuki biyu, ɗaya a gaba daga sama, ɗaya a baya daga ƙasa kaɗan. Na gaban, mai faɗin kimanin mita 6, gaba ɗayansa ne ke motsi idan aka ja sanda baya ko aka tura ta gaba. Idan kuma aka kai ta dama ko hagu, wutsiya ce ke juyawa, jirgin ya kishingiɗa da kansa. Ƙafafun matuƙi ba su da aikin yi.

Birki ma babu. Wasu ƙananan tayoyi ne a gindin wutsiyar ke karkatar da shi a ƙasa, ciyawar fili kuma ta rage masa gudu. Injinsa irin na babur ne, mai ƙarfin doki 17, sauran jikin kuwa katako ne da yadi da manne da ƙusoshi.

An sa masa suna Pou-du-Ciel, wato ƙwarƙwatar sama, a kwaikwayi laƙabin da Faransawa suka yi wa tsohuwar motar Ford, ƙwarƙwatar hanya. Turawan Ingila da suka zo fassarawa sai suka ga ƙwarƙwata ta yi muni, suka mai da ita ƙuma.

A watan Nuwamban 1934 ya fitar da littafinsa Le Sport de l'Air, ɗauke da zane-zane da awon kowane katako. Hujjarsa ita ce duk mai iya buga ƙusa ya haɗa akwati zai iya haɗa jirgi.

Jama'a kuwa suka yarda. Ɗaruruwan mutane a Faransa da ƙasashen da take mulka suka kama aiki a gareji da bayan gida. Ranar 13 ga watan Agustan 1935 Mignet ya tsallaka tekun da ya raba Faransa da Ingila a cikin jirginsa, ya sauka a Lympne, abin da ya sa zazzaɓin ya kama Birtaniya ita ma.

Mutuwa ta fara

Kwanaki ƙalilan bayan haka, a cikin watan na Agusta, wani matuƙi ya mutu a Aljeriya. Aka sake samun irin wannan a Marseille, sannan a Caen. A shekarar 1936 mutum 4 suka halaka a Birtaniya, cikinsu har da hafsoshin sojin sama.

Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne. Jirgi zai sunkuyar da hanci kamar mai shirin sauka, sunkuyon ya yi ta ƙaruwa, har ya kife ko ya caki ƙasa.

Da fari an zargi masu harhaɗawar, kuma zargin na da ƙamshin gaskiya. Wasu sun sa injin da ya fi na asali nauyi, wasu sun matsar da fiffike daga inda zane ya nuna, nauyin jirgi ya koma baya. To amma me za a ce game da ƙwararrun matuƙa da suka mutu?

Amsar ta fito ne a 1936, lokacin da aka sa jirgin sukutum cikin manyan ɗakunan gwajin iska, a Chalais-Meudon da ke Faransa da kuma Farnborough a Ingila.

Ashe cutar tana cikin ratar da ke tsakanin fuka-fukan biyu. Idan jirgin ya sunkuya da gudu, matuƙi ya ja sanda don ya ɗago shi, bakin bayan fiffiken gaba kan sauko kusa da na baya. Iskar da ke matsewa ta wannan rata sai ta ƙara wa fiffiken baya ƙarfin ɗagawa, wutsiya ta yi sama, hanci ya ƙara yin ƙasa. Ma'ana, abin da kowane matuƙi zai yi don ceton ransa shi ne ke ƙarasa shi.

Mignet bai taɓa cin karo da wannan ba saboda injinsa ba shi da ƙarfi, kuma a hankali yake tuƙi. Waɗanda suka koyi tuƙi a makaranta kuwa sun saba tura hanci ƙasa idan za su sauka.

Gyaran bai yi wuya ba. Aka matsar da fiffiken gaba don ya daina hawa kan na baya, aka sauya siffarsa, aka kuma maye gurbin wayoyin da ke jan sa da sandunan ƙarfe masu iya ja da turawa. Amma kafin nan hukumomi a Faransa sun hana tashi da samfurin farko, na Birtaniya sun daina ba da izini, jaridun da suka yi ta kambama shi kuma sun juya masa baya.

Yawon duniya

A 1937 ya tafi Shikago da ke Amurka don kafa kamfani, bai daɗe ba ya komo gida. A watan Disamban 1944, ana dab da ƙare Yaƙin Duniya na Biyu, aka harbe matarsa Annette, wadda ta kasance abokiyar aikinsa tun zamanin tanti.

Bayan yaƙin ya fitar da HM.290 da HM.293, waɗanda suka fi na farko inganci nesa ba kusa ba. Daga nan ya shiga yawo: Ajantina, Brazil, Japan, sai Kasabalanka a Maroko, ko'ina yana neman wanda zai zuba jari, ko'ina kuma abin bai kai inda yake so ba.

Akwai aibi ɗaya da bai taɓa rabuwa da tsarinsa ba, kuma rashin fedar ne ya jawo shi. Idan iska na kaɗawa daga gefe lokacin sauka, matuƙin jirgi na yau da kullum kan kwantar da fiffike ɗaya da hannu, ya miƙe hancin da ƙafa. Mai tuƙa jirgin Mignet ba shi da wannan dama, sai dai ya nemi filin da zai fuskanci iskar kai tsaye. 

Henri Mignet ya mutu ranar 31 ga watan Agustan 1965 a Pessac, kusa da Bordeaux, yana da shekaru 71. Ana ajiye da samfuran HM.14 a gidajen tarihin jiragen sama a Faransa da Birtaniya, yayin da masu sha'awa, musamman a Faransa, suka ci gaba da harhaɗa HM.293 shekaru da dama bayan mutuwarsa.