Nikolai Beketov: Masanin da ya jera ƙarafa bisa ƙarfinsu

Idan aka tsoma ƙusa cikin shuɗin ruwan gishirin jan ƙarfe, ba da jimawa ba za ta yi jar riga, shuɗin ruwan kuma ya dushe. Baƙin ƙarfe ne ya narke, ya kori jan ƙarfe daga ruwan. Mutumin da ya tsara wane ƙarfe ke korar wane shi ne Nikolai Beketov, masanin sinadarai ɗan ƙasar Rasha.

An haife shi a watan Janairun 1827 a lardin Penza. Ya kammala Jami'ar Kazan a 1849, ya samu horo a hannun Nikolai Zinin, sannan ya kama koyarwa a Jami'ar Kharkiv a 1855, birnin da ke Yukiren a yau, inda ɗaliban Najeriya da dama suka yi karatu.

Ya gano cewa iskar haidirojin, idan aka matse ta, tana fitar da azurfa daga ruwan gishirinta. A kundin digirinsa na dakta na 1865 ya jera ƙarafa sahu-sahu: tutiya na korar baƙin ƙarfe, baƙin ƙarfe na korar jan ƙarfe, jan ƙarfe na korar azurfa, zinariya kuwa tana can ƙarshe.

Beketov ya danganta wannan da nauyin ƙarafan, wato mara nauyi ke korar mai nauyi. Daga baya masana suka nuna cewa asirin yana ga sauƙin sakin elektiron. Bayaninsa ya kau, amma jerin ya tabbata, domin a kan gwaji ya gina shi.

An zaɓe shi cikin Cibiyar Kimiyya ta Santa Fitasbag a 1886, kuma a birnin ya rasu a 1911.

Aikinsa yana bisa kawunanmu a Abuja. Kwanon rufi baƙin ƙarfe ne da aka lulluɓe da tutiya, wadda ke gabansa a jerin, don haka ita damina ke fara ci. Idan tutiyar ba ta da kauri, tsatsa ba ta jira. Jami'in da ke sa hannu kan kwangilar rufin makaranta ko asibiti, kaurin tutiyar nan ya kamata ya fara tambaya kafin farashi.